Da Baƙon Dauro Ya Sauka Gidanmu

Litinin, 7 ga Afrilu, bayan magariba

Jatau ya zo yau daga Issawane, shi da matarsa Lalla da ɗansu Khalid. Ƙanena ne ciki ɗaya, rabona da shi tun babbar sallar bara. Ina lise, makarantar da nake koyarwa, sadda suka iso. Inna, uwar mijina, ita ta tarbe su. Ta ga yaro ba lafiya, ta ga rana, sai ta shimfiɗa musu a ɗakina don shi ne mai fanka. Ta rufe taga saboda zafi.

Da na dawo bayan azahar na tarar da ƙaramar ɗiyata Marwa kwance a katifa, Khalid a gefenta, kansu a matashi ɗaya. Watanta huɗu da haihuwa. Shi yana tari, idanunsa jajur sun manne da kwantsa, ƙuraje sun taso daga bayan kunne sun cika fuska. Nana, babbar ɗiyata, ta ce da ta dawo lakwal, makarantarsu, ita ta goya shi ta zagaya tsakar gida don ya bar kuka.

Na ɗauke Marwa. Na yi magana. Ba zan rubuta abin da na ce ba.

Lalla ta jawo mayafi ta rufe ɗanta. Jatau yana bakin ƙofa, ya ji.

Mijina Sama'ila ya rufe shagon ɗinkinsa ya kai su likita. An riƙe yaron. Baƙon dauro ne. An ce ɗakin yara ya cika da irinsa, har an kafa tanti a waje.

Na yi wa Marwa wanka da sabulu. Na san ba a fata abin yake zama ba, ta numfashi yake shiga. Duk da haka na sake yi mata wani.

Talata, 8 ga Afrilu, da azahar

Na nemi izini, na kai Marwa ƙaramar likitar unguwa. Majo, babban ma'aikacin wurin, ya duba ta, ya ce lafiyarta lau. Na ce a yi mata allurar baƙon dauro yau, tun abin bai kama ba. Ya girgiza kai.

"Madam Zara'u, kin fi ni sani. Wata tara ake yi. In annoba ta yi ƙarfi a sauko wata shida. Wannan ba ta kai ba."

Na ce to mi za a yi.

"Kariyarta ita ce wadda kika ba ta tun tana ciki. In jininki ya san ciwon, ta samu rabo. An yi miki allurar kina ƙarama? Ko kin taɓa yin ciwon?"

Tabon da ke hannuna na allurar tarin fuka ne, wannan kowa yana da shi. Mahaifiyata ta rasu ina ƙaramar makaranta a Kona. Baba ya bi ta daga baya. Ban taɓa tambaya ba, ba abin da yaro ke tambaya ba ne.

Ya ce sai jira. Sati biyu, wani lokacin ya kusa uku. In zazzaɓi ya zo in kawo ta nan take.

Nana an yi mata allurar, duka biyun, ni na kai ta da ƙafata. Ita ban ji tsoro ba. Na rubuta ban ji tsoro ba, amma ɗazu na kira ta na buɗe bakinta a rana ina dubawa.

Laraba, 9 ga Afrilu, bayan la'asar

Darasin 'yan taraminal, ajin ƙarshe, ya faɗo kan kariyar jiki. Ba ni na zaɓa ba, haka tsarin shekara yake, kuma jarrabawar bak na tahe. Shekara bakwai ina koyar da shi.

Na zana a tabulo. Na yi da Faransanci, na ga idanunsu sun yi nisa, sai na juya Hausa kamar yadda na saba. Na ce allura tana nuna wa jiki abokin gaba ne wanda aka riga aka karya wa ƙafa. Wasu ƙwayoyin jini su kama shi, su ɗauki guntunsa su kai can inda kaluluwa ke fitowa, a hamata ko a wuya. A can akwai waɗanda littafi ke kira T mataimaka. Na ce ku ɗauke su kamar mai kiran gayya. Shi ba ya riƙe hauya, amma in bai zagaya gari ya yi kira ba, ba wanda zai fito gona. Su ne ke duba guntun su ce lalle baƙo ne, su ba ƙwayoyin B izini su ƙera makamin da ya dace da shi, su zuga masu kisa. In aiki ya ƙare yawancinsu su mutu. 'Yan kaɗan su rage, su zauna shekaru suna zagaya jiki, ba aikin da suke sai tuna fuskar nan. Ranar da na gaskiya ya shigo, abin da da zai ɗauki sati biyu sai su gama shi kafin mutum ya san an shigo.

Wata daga bayan kulas ta ɗaga hannu. Ta ce, "Madam, jariri yana gadon masu tunawar daga uwarsa?"

Na ce a'a. Ƙwayoyin ba sa ƙetarawa. Makamin da suka ƙera kawai ke bi ta mahaifa ya shiga jininsa, kuma aro ne, kullum raguwa yake har ya ƙare.

Ta ce, "Yaushe yake ƙarewa?"

Na ce ya danganta da uwar. Na juya na goge tabulo, alhali ba su gama kwafa ba.

Alhamis, 10 ga Afrilu, da safe

Na taɓa goshin Marwa. Sanyi.

Juma'a, 11 ga Afrilu, bayan magariba

Kullum ni ke dafa abincin da ake kai musu. Kunu da safe, tuwo da rana, fura da yamma. Sama'ila ke ɗauka a moto, babur ɗinsa. Kwanon Jatau yana dawowa yadda ya tafi.

Yau Inna ta zauna kusa da ni ina kwashe tuwo. Tun Litinin ba ta dube ni sosai ba, ni ma haka.

"Zara'u, ba za ki leƙa yaron nan ba?"

Na ce ina shayarwa, Inna.

"Na sani. Amma ɗan ƙanenki ne. Ke ce gwaggonsa, ba shi da wata."

Can ta ce, "Ni na kwantar da su wuri ɗaya. In laifi ne nawa ne, ba na yarinyar nan ba. Ita ko ruwa ba ta nema ba da ta shigo."

Na ce ba wanda ya yi laifi. Ta dube ni, ta tashi ta ɗauki buta.

Sama'ila ya ce ciwon ya sauka ƙirji. An sa masa ƙarin ruwa da na'urar iska. Ya ce yaron ba nauyi, dama rani ya ci dabbobinsu, nono ya yi ƙaranci a gidan tun watan azumi. Ya ce Lalla ba ta kwanta ba tun da suka je.

Goshin Marwa sanyi.

Asabar, 12 ga Afrilu, da yamma

Na je.

Ban shiga tantin ba. Na tsaya daga inuwar bedi, ina hango layin tabarmi da uwaye. Na gane Lalla da baƙin mayafinta, ta sunkuya tana jiƙa masa leɓe da tsumma. Daga inda nake ina ganin haƙarƙarinsa yana hawa yana sauka da sauri.

Jatau ya fito. Ya rame, rawaninsa ya yi ƙura. Ya gaishe ni kamar yadda ake gaida maƙwabciya.

Na ce ya jikin yaron. Ya ce da sauƙi. Na ce mi ya sa ba ka cin abinci.

"Yaya, ni ban yi lakwal ba, ke aka zaɓa aka sa. Ban san ciwon nan yana bin iska ba. Na ga ɗana zai mutu, na ce ina da 'yar'uwa a Tasawa. Tun asuba muke bisa hanya." Ya gyara rawani. "Kika ce mun kawo miki mutuwa har cikin ɗaki. Gaban matata kika ce."

Na ce tsoro ne, Jatau.

"Na sani. Ni ma shi ya kawo ni."

Aka kira shi daga ciki, ya koma. Na daɗe a tsaye. Da na dawo gida na cire kayana a bayan ɗaki na jiƙa, na yi wanka kafin in ɗauki Marwa. Tana ta dariya, ta kama mini ɗan kunne.

Lahadi, 13 ga Afrilu, da hantsi

Sama'ila ya dawo da kunun, bai sauke shi daga moto ba. Ya shiga ɗakinsa ya buɗe akwatin yadi. Na ji ƙarar almakashi. Fari ya yanka, ɗan kaɗan.

Lahadi, bayan la'asar

Maza sun dawo. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Litinin, 14 ga Afrilu, da yamma

Jatau ya so su wuce tasha kai tsaye, ba tare da sun biyo ta gidan nan ba. Lalla ta faɗi a bakin ƙofar likita. Da aka duba ta aka ce jininta ya yi ƙasa, kuma tana da ciki, wata uku. Ba za ta iya hanyar Mayahi yanzu ba.

Inna ta yafa mayafi ta je da kanta ta taho da ita. Ban san abin da ta gaya wa Jatau ba. Ya rako su har ƙofar gida, ya tsaya a zaure. Ya ce dabbobi suna hannun maƙwabci, rijiya ta yi nisa, dole ya koma. Zai dawo ya ɗauke ta in ta ji ƙarfi.

Lalla tana ɗakin Inna. Na shiga na yi mata gaisuwa. Ta amsa duka, ɗaya bayan ɗaya, idonta a ƙasa. Da ta ji kukan Marwa daga ɗakina ta ja jiki ta matsa bango, kamar ita ce ciwon.

Laraba, 16 ga Afrilu, bayan magariba

Gwaggo Asiya ta zo gaisuwa daga Kona. Ƙanwar babanmu ce, ita kaɗai ta rage a tsofaffin gidan. Ta kawo gero da kuka a ƙulle. Bayan mata sun watse na ja ta gefe na tambaye ta abin da majo ya tambaye ni.

"Ba a taɓa gaya miki ba ke nan. Ke ba ta fari ba ce, Zara'u. Akwai biyu gabanki, mace da namiji. Rani ɗaya suka tahi, wannan ciwon dai. Uwarki ba ta ƙara kiran sunansu ba, mu ma muka bari."

Na ce ni fa.

"Ke kina rarrafe aka ce masu allura sun sauka Tasawa, ba su iso mu sai bayan damina. Ubanki ya ce a jira. Ta ce to. Da asuba na fito alwala na ga ta goya ki tana ɗaura gyale. Na ce ina zuwa? Ta ce in an tambaya ki ce na tahi itace. Da ƙafa ta je, ba amalanke ranar. Sai bayan magariba ta shigo, ƙafafunta sun kumbura, takalmi ɗaya ya tsinke ta riƙo shi a hannu. Bayan sati kika yi zazzaɓi. Ubanki ya yi ta faɗa, ya ce ta je ta sayo miki ciwo. Ita ko tana zaune tana miki fifita."

Na ce sau ɗaya aka yi?

"Sau ɗaya na sani."

Zazzaɓin nan na san shi, ina koyar da shi. Gayyar ce ake yi. Shekara talatin da wani abu ke nan, kuma in littafi ya yi gaskiya har yanzu akwai waɗanda suka rage a jinina daga wannan tafiyar. Fuskar mahaifiyata ta fara ɓace mini, sai in rufe ido in yi ƙoƙari kafin ta zo.

Amma littafin ya faɗi wani abu kuma. Uwar da allura ta kare, abin da take ba jariri bai kai na wadda ta yi ciwon yawa ba, kuma ya fi saurin ƙarewa. Wata uku, wata huɗu. Ban gaya wa Gwaggo wannan ba. Ta yi murna ta ba ni labari mai daɗi.

Alhamis, 17 ga Afrilu, da safe

Sanyi. Ta sha nono sosai.

Mace da namiji. Ban tambayi sunayensu ba, Gwaggo kuma ta tafi.

Juma'a, 18 ga Afrilu, da azahar

Sanyi. Lalla ta fara fitowa tsakar gida. Ta karɓi tsintsiya daga hannun Inna. In na fito da Marwa sai ta koma ciki.

Asabar, 19 ga Afrilu, da la'asar

Ba sanyi.

Lahadi, 20 ga Afrilu, da yamma

Jiya na kai ta. Majo ya auna, ya duba jini ko zazzaɓin sauro ne, ba shi ba ne. Ya ba da maganin zafin jiki da bitamin A, ya ce in ci gaba da ba ta nono ko ba ta so. In numfashi ya canza, babbar likita, kada in tsaya neman moto mai kyau.

Yau hanci yana zuba, ido ya yi ja kaɗan. Kuran, wutar lantarki, ya ɗauke tun safe, fanka ta tsaya. Ina zaune da ita a ƙasa ina ƙirga numfashinta, in ɓace in sake farawa. Sai na ga inuwa a bakin ƙofa.

Lalla ce. Ba ta shigo ba. Ta ce, "Yaya, ni na yi shi ina yarinya, ba ya kama ni. In kin yarda."

Na matsa mata.

Ta wanke hannu, ta zauna, ta ɗora kunnenta a ƙirjin Marwa ta daɗe. Ta ɗago.

"Nashi ba haka yake ba. Nashi kamar ana taka busasshen kara. Wannan ƙirjinta a buɗe yake."

Shi ne karo na farko da ta ambaci Khalid a gidan nan. Ta karɓi mafici daga hannuna. Ta ce in je in ci wani abu, mai shayarwa ba ta zama da yunwa. Na fita bayan ɗaki, na yi kukan da ban yi ba ranar Lahadin da ta wuce.

Talata, 22 ga Afrilu, da hantsi

Ƙurajen sun fito. Bayan kunne, da kaɗan a goshi.

Ban je lise ba. Sama'ila bai buɗe shago ba, yana zaune a zaure da carbi, duk wanda ya fito daga ɗaki sai ya dubi fuskarsa. Inna tana azumi.

Lalla ta ce a rana ta biyu nashi sun rufe ciki da baya har tafin hannu. Muna ta ɗaga rigar Marwa muna dubawa, ni da ita, kamar masu jiran tsiro.

Laraba, 23 ga Afrilu, da la'asar

Ba su sauka ciki ba. Ta kama nono, ta saki, ta sake kamawa.

Alhamis, 24 ga Afrilu, bayan magariba

Yau hutu, Nana tana gida. Ta ɗebo ƙasa ta jiƙa tana gina tukwane a gindin bango, tana waƙa. Ita ta goya Khalid ranar nan, tarinsa a wuyanta. Ta kwana ɗaki ɗaya da Marwa har ranar da zazzaɓi ya zo. Ko atishawa ba ta yi ba.

Na zauna ina kallonta. Abin ya shige ta, ba shakka. Ya tarar an san shi. An yi kira, an fito, an gama, ita tana can tana rigima a kan wa ya ɗauki alli. Ba za ta taɓa sanin ranar ba.

Na juya na ga Lalla ita ma Nana take kallo.

Zafin jikin Marwa ya sauka da rana. Ban yarda ba tukuna.

Lahadi, 27 ga Afrilu, da safe

Ƙurajen sun dushe, sun bar ɗan duhu kamar an shafa toka. Majo ya ce wannan rabin ciwo ne, abin da ta samu daga gare ni bai hana shi shiga ba amma ya rage masa ƙarfi. Ya ce kada in saki jiki. Baƙon dauro yana kashe masu tunawar da ya tarar a jiki, sai yaro ya manta cututtukan da ya riga ya sani, ƙaramin zawo ya kayar da shi. Watannin nan masu zuwa a kula da ruwan sha, a kula da sauro, kuma alluranta kada a tsallake ko ɗaya.

Na ce to. Na san wannan ma. Daɗin ji daga bakin wani ne kawai.

Inna ta dama fura ta raba wa yaran unguwa. Ta aika da ƙwarya ɗaya tantin likita, don har yanzu cike yake.

Alhamis, 1 ga Mayu, da yamma

Jatau ya yi waya, gobe zai zo.

Muna tsince shinkafa ni da Lalla a tsakar gida. Inna ta fita barka, Marwa tana barci. Ba ta ɗago kai ba ta ce, "Yaya, zan tambaye ki."

Na ce ina ji.

"Lokacin ɗari masu allura sun zo rijiyarmu. Mu muna arewa da dabbobi. Da muka dawo aka gaya mana, na ce wa Jatau mu kai shi Issawane. Ya ce sai an sayar da rago, a haɗa tafiya ɗaya. Ni ma ban matsa ba, yaron yana gudu, yana cin abinci." Ta ture tsakuwa gefe. "Da an yi mishi, da yana nan?"

Na ce rai na Allah ne, Lalla. Kwana in ya ƙare ya ƙare.

"Wannan na sani tun ban zo ba. Kowa ya gaya mini, kuma gaskiya ne. Ke malama ce. Abin da kika sani nake tambaya."

Na dubi tiren. Na so in ce ban sani ba. Sau ɗaya na yi mata magana ba tunani a gidan nan, yanzu kuma tunanin ne ya hana ni magana. Ta jira. Ba ta da gaggawa, mutanen daji sun iya jira.

Na ce da an yi masa, da wuya ciwon ya kama shi. In ma ya kama, da wuya ya kai haka.

Hannunta ya tsaya a cikin shinkafar. Ba ta yi kuka ba. Tantabarun maƙwabta suka sauka suna tsintar abin da muka zubar, ba wadda ta kore su.

Can ta ce, "Na ga Nana. Na sani. So nake wani ya faɗa."

Na ce ba ke kaɗai ba ce, hanya ce ta yi nisa.

"Kada ki gaya wa Jatau yadda kika gaya mini. Shi ba zai iya ɗauka ba yanzu. Ni zan san lokacin."

Na ce to.

Ta dafa cikinta. "Wannan, wata nawa ake kai shi?"

Na ce akwai na ranar haihuwa, akwai na bayan sati shida da masu bin su. Ta baƙon dauro wata tara, sannan a sake bayan ya shekara.

"Tara a ciki, tara a waje." Ta lanƙwasa yatsu tana lissafi da watannin daji. "Damina ke nan. Muna arewa."

"Ba komai," ta ce. "Dabbobin su tahi da mai su."

Ta jawo tiren gabanta ta ci gaba da tsinta.

Juma'a, 2 ga Mayu, bayan la'asar

Sun tafi da motar Mayahi.

Jatau bai wuce zaure ba. Na kai masa ruwa da kaina, ya karɓa ya sha. Ya ce ya ji yarinya ta yi ciwo. Na ce ta warke. Ya ce alhamdu lillahi, ya sake cewa alhamdu lillahi, sai muryarsa ta karye ya ja rawani ya rufe fuska. Na zauna a ƙasa kusa da shi. Rabon da in ga kukansa tun ranar da aka fita da mahaifiyarmu, yana ɗan shekara biyar, ni na riƙe shi.

Muna nan har Sama'ila ya leƙo ya ce mota ta kusa cika.